Bahaguwar Katantanwa

Shekarar da malaman lakwal, wato makarantar boko, suka daɗe suna yajin aiki, Sa'idu ya ce ba zai bar ɗansa yana gantali a Sabon Garin Maradi yana bin motocin 'yan siyasa ba. Ya ɗauki Ilyasu ya kai shi Jiratawa wurin kakansa, Baba Gado, mai fili a bakin kanal ɗin ban ruwa. Matarsa Tsahara ba ta hana ba. Ɗan fari ne. Uwa ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ja da surukai a kansa.

Da yaron ya zo hutun salla, tana wanke wandonsa sai ta ga tabo ja. Ta faki ido ta bi shi bayan ɗaki. Ƙarshen fitsarin jini ne, yana ɗiga, yaron yana cije baki.

"Kai, tun yaushe?"

"Tun tuni. Kowa ma na yi. Baba Gado ya ce na zama namiji."

Sa'idu da ya ji, dariya ya yi. "Tsargiya ce hwa. Rana ke kawo ta. Ni ma na yi, kin ga na mutu?" Salla na wucewa ya mai da yaron Jiratawa.

Ta je likita, ta tarar da ƙofa a rufe, su ma suna yaji. Sai ta faɗa gidan maƙwabciyarsu Saudatu, ma'aikaciyar jinya, wadda rashin albashi ya mayar mai tuyar ƙosai.

"Rana!" in ji Saudatu, tana juya ƙosai. "Sun ɗora wa rana laihi. Tsutsa ce, Tsahara, amma ba irin ta ciki ba. Namiji da mace ne. Namijin fale-fale yake, ya naɗe macen cikin jikinshi kamar tabarma, su zauna cikin jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan ƙaya gare shi. Shi ke yagar yaro in zai hita."

"To ta ina ta shige shi?"

"In mai ita ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya tahi neman katantanwa. In bai samu ba, mutuwa yake. In ya samu, ya shige ta ya hayayyafa, rana na take tsaka su hito da 'yar wutsiya su huda fatar wanda ke cikin ruwan."

"Ba sai ya sha ba?"

"Ko ƙafa ya tsoma. Magani zan nemo miki ko daga Jibiya ne. Amma in ya koma kanal, aikin banza muka yi. In an bar ta, mafitsara take ci har ƙoda."

Saudatu ta ce mata ba manyan katantanwar da yara ke wasan koɗi da su ba ne. Ƙarama ce kamar ƙwayar wake, kuma bahaguwa: in ka ɗaga tsininta sama, bakinta na hagu.

Tsahara ta san maganar baki ba za ta ratsa Baba Gado ba. Sai ya gani da ido. Washegari ta goya ƙaramar ɗiyarta Fadila, ta ɗaure matankaɗi a bakin sanda, ta shiga motar Jiratawa. Ba ta fara zuwa gidan surukai ba. Ta bi gefen kanal inda ruwa ya kwanta ciyawa ta rufe, tana kwarfa tana zazzagewa a kan siminti. Kamar ba za ta samu ba, sai ga su manne a bayan ganye. Ta ɗaga ɗaya da tsinke. Bakin na hagu. Abin ya fito da ɗan jikinsa mai yauƙi, ya miƙa ƙahoni biyu sirara kamar zare, yana lalube. Wai wannan ne ke cin ɗanta.

Baba Gado na zaune gindin dogon yaro da abokinsa Jibo, rediyo na ta ba da labarin rigimar majalisa. Ta tube takalmi, ta durƙusa nesa, ta gaishe su har gaisuwa ta ƙare. Sannan ta tura ƙoƙon da ta zubo katantanwar ciki gabansa, kanta a ƙasa, ta faɗi abin da aka gaya mata. Yaron nan, take cewa. Yaron nan.

Tsohon ya saurara har ta kai aya. Ba mugu ba ne, yana son jikansa kamar ransa.

"To, ɗiyata, fasa mu gani."

Ta ɗauki dutse ta fasa ɗaya. Yauƙi ne da ɗan baƙin nama. Ta fasa ta biyu, ta baje da tsinke. Babu komai.

"Ikon Allah," in ji Jibo. "Dimokuraɗiyya ta kai ga katantanwa, ita ma yau an kawo ƙararta."

"Ni na san kurkunu," in ji Baba Gado. "Tsutsa ce, ana ganinta, ana naɗe ta a tsinke. Wagga taki ina take?"

"Ƙanana ne, Baba. Sai an sa su cikin ruwa a rana."

Suka ba ta kofin shayi na gilashi, don su ga iyakarta. Ta zuba ruwan randa, ta jefa sauran, ta ajiye a rana. Aka yi ta jira. Fadila ta farka tana kuka, gumi na bin bayan Tsahara. Matan gida suka leƙo ta kan dangar kara. Da ta ɗaga kofin saitin haske, ta ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna yawo. Ko motsi suke, ko idonta ne ke yi mata gizo, ita kanta ba za ta rantse ba.

Jibo ya karɓa ya kanne ido ɗaya. "Ƙura ce."

"Baba, ba kowace ke ɗauke da ita ba. In na ƙaro wasu…"

"Ya isa. Ubanshi nan ya yi wanka, ni ma nan nake wuni cikin ruwa. Yaro na koyon noma, kin zo mini da ƙwaro a ƙoƙo."

Gaskiya na hannunta, ta rasa yadda za ta nuna ta. Tana tattara ƙoƙon ke nan sai ta ji ihun yara. Rana ta take, sun sako daga fadama a guje suna tuɓe riguna, sun nufi kanal. Nata na gaba, ƙafafunsa sirara kamar kara.

Ba ta san ta miƙe ba.

"Ilyasu! Ilyasu, kar ka shiga!"

Yaron ya ci birki a kan siminti, ya waigo baki buɗe, don bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. Wata tsohuwa a bayan danga ta saki salati. Jibo ya kashe rediyo.

Baba Gado ya juyo gare ta.

"Tunda kin iya kiran sunanshi gabana," ya ce, "kin iya riƙonshi. Ɗauki ɗanki. Ki gaya wa Sa'idu ni na ce."

Ta san nauyin maganar, ta san abin da ke jiranta a Maradi. Ta durƙusa ta ce, "Na gode, Baba." Ta je ta damƙi hannun yaron, rigarsa a ɗaya hannun.

A bakin hanya babu mota, duk an kwashe su zuwa taron jam'iyya a Tibiri. Yaron yana ta fizgewa, yana waigen inda sauran ke faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Za su ce ni ba namiji ba ne."

"Su ce."

"Babana zai yi faɗa."

"Da ni zai yi. Sa rigarka."

Ta gyara goyonta, ta sa shi gaba, suka kama hanyar gari a ƙasa.