Turancin da Ya Kashe Kawu Harisu

"Sake faɗa," in ji Siddiƙa, ta janye kwanon ƙosai daga gabansa.

Mansur ya bi kwanon da kallo. "Haba Malama, ko ɗalibanki ai kina barinsu su fita tara."

"Ɗalibaina ba su da intabiyu yau."

Matarsa ce, kuma ita ke koyar da Turanci a wata firamare cikin garin Daura. Tun da kawunsa Alhaji Harisu ya sayar da motar da Mansur yake ja masa, ya koma Abuja wajen ɗansa, Mansur ke zaune ba aiki. Albashinta ne yake riƙe da gidan, abin kuma yana cinsa ko da bai faɗa ba. Yanzu ga wata ƙungiya mai yi wa shanu allurar rigakafi tana neman direba, an kuma ce da Turanci za a yi tambayoyin.

"Since na nufin tun," in ji ta. "Tun safe, tun bara. For kuma tsawon lokaci ne. In ka ce I have been to Kano, ka je ka dawo ke nan. In ka ce he has gone to Kano, ya tafi, yana can har yanzu."

"To wanda ya taso daga Kano ya kawo Kazaure fa?"

"Abban Rauda, ba wanda zai tambaye ka mutumin Kazaure. Ci ka tashi."

A ofishin, kan hanyar Kongolam, ya tarar da masu neman aikin jere a benci ƙarƙashin taga. Cikinsu har da Abbas, ɗan unguwarsu, wanda magana ba ta taɓa yin minti biyar a bakinsa ba.

"Kai sai yanzu?" in ji Abbas, yana gwada nasa Turancin. "Me, I have been here since."

Mansur ya tsaya yana jiran sauran. Shiru.

"Since me?"

"Since kawai."

"Ba a barinta haka, Abbas. Kamar ka ba da sigina ne ka ƙi shan kwana."

"Manyan mutane haka suke faɗa."

Kafin su daidaita aka kira sunan Mansur.

Mutum biyu ne a ciki. Wata likitar dabbobi mai tabarau, Dakta Ifeoma, da wani dattijo mai furfura a gemu, Malam Sadiq, wanda ke kula da ma'aikatan ƙungiyar. Daktar ta duba lasisinsa, ta tambaye shi da Turanci tsawon lokacin da ya yi yana tuƙi.

"I have been driving for…" Shekarun suka gudu daga kansa kamar awaki sun ji ƙarar mota. For ɗin tana tsaye tana jiran a ba ta wani abu. "For my uncle," ya ce.

Ta gyaɗa kai ta rubuta. Mansur ya yi mamaki. Ashe for ɗin nan aiki biyu take yi, Malama ba ta gaya masa ba.

"Have you been to Niger?"

Nan kam gida ne. Hanyar Matamaye zuwa Damagaram ya san ramukanta ɗaya bayan ɗaya. "Yes ma. I have gone to Zinder."

Yana rufe baki ya gane ɓarnar da ya yi: ya bar kansa a Damagaram. Ya yi sauri ya dafa ƙirji. "But I have come back. This is me."

Daktar ta cire tabarau ta goge, kafaɗunta na ɗan rawa. Sannan ta tambaye shi dalilin da ya bar aikin kawun nasa.

"My uncle has gone…"

Sai ya tsaya. Kalmar to ce ke biyo baya, ko in, ko at? Da safe duk suna nan a jere, yanzu sun cakuɗe. Ya sunkuyar da kai yana lalubensu a tsakanin takalmansa, ya ja dogon numfashi.

"Oh," in ji Dakta a hankali. "I am so sorry."

"Thank you ma," in ji Mansur, don Siddiƙa ta ce duk abin da aka faɗa masa ya yi godiya.

"Since when?"

"Since Sallah." Wannan kam ya san ya ci, har sai da ya ɗan murmusa.

Malam Sadiq ya sunkuyo, ya yi magana da Hausa. "Yaro, wane ne kawun naka?"

"Alhaji Harisu, dillalin shanu na Mai'adua."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Dattijon ya dafe kai da hannu biyu. "Harisu? Tare muka taso! Tun Sallah, ba wanda ya gaya mini?"

A waje aka ji an tashi babur da ƙarfi, ya fita a guje.

"Baba, tsaya!" Mansur ya miƙe, kujera ta faɗi. "Wallahi yana nan da ransa! Abuja ya tafi. Jiya ma mun yi waya, yana cin balangu, da ƙyar nake jin abin da yake faɗa!"

Dakta Ifeoma ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye, tun kafin a fassara mata komai. Da ta ɗago, sai ta ce da Hausa tas, irin ta Kanawa, "To kai me ya hana ka cewa Abuja?"

Mansur ya saki baki. "Ranki ya daɗe, kina jin Hausa?"

"A Sabon Gari aka haife ni. Turancin nan ka'idar ofis ce kawai. Rugagen Dutsi da Mai'adua za mu riƙa shiga, shanu ba sa tambayar since. Ka iya fitar da mota daga yashi?"

"Ko da daddare."

"To ka zo ranar Litinin mu gani. Amma kada ka sake kashe kowa."

Malam Sadiq kuwa ruwa kawai yake sha yana harararsa.

Da ya fito, wurin Abbas a benci babu kowa. Wayarsa ta hau ruri. Siddiƙa ce, ana jin koke-koke a bayanta.

"Abban Rauda, mata sun cika gidan nan. Gwaggo Kande, 'yar'uwar Kawu, ta faɗi sau biyu. Abbas ya ce daga bakinka ya ji. Me ka ce musu?"

"Has gone na ce."

"Gone ina?"

"Nan ne fa aka samu matsalar. Amma Malama, na samu aikin."

Kafin ta amsa wani kiran ya shigo. Ya duba sunan. Ya koma gindin dalbejiya, ya gyara hula, sannan ya ɗauka.

"Mansur," in ji Kawu Harisu, "an ce na mutu."

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri. Turanci ne ya…"

"Bar wannan. Ga ni zaune kusa da ɗana, sai kiransa ake ana yi masa gaisuwa, ina jin komai. Ashe ni mutumin kirki ne haka?" Ya yi tari, ya rage murya. "Ka gaya wa Kande gaskiya a kunne, kada ta sake faɗuwa. Sauran kuwa kada ka yi gaggawa. Je ka zauna a ƙofar gida zuwa la'asar, ka gane mini ko Alhaji Zailani, abokin gabata a kasuwar shanu, zai zo gaisuwa."

Mansur ya sa wayar a aljihu. Sannan ya tare mai babur, ya ce su biya ta masallacin unguwa, zai ari tabarmin zaman makoki.