Aron Fankoki

Tun kafin ta ajiye jaka wayar teburinta ta fara ruri. A kamfanin kowa Injiniya yake kiranta, don ita ke kula da kwamfutoci, kuma ba a tunawa da ita sai abu ya lalace. Ranar kam an tuna da ita sosai. Imel ya ƙi fita, firinta ta yi yaji, ma'aikata sun zuba wa allo ido sun yi tagumi.

Ta nufi ɗakin da manyan na'urorin da ke riƙe da aikin kamfanin suke. Tana buɗe ƙofa zafi ya mare ta. Na'urar sanyaya ɗakin ce ta mutu, su kuwa manyan sai kashe kansu suke ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Ta kira mai gyara, ya ce yana bayan gari, sai yamma. Tana cikin neman dabara sakatare ya leƙo.

"Manaja ya kira mitin na gaggawa."

"A kan me?"

"A kan matsalar nan mana."

Haka ta bar matsalar ta tafi jin labarinta. Ta yi bayani dalla-dalla: ɗakin iska yake buƙata kafin mai gyara ya iso. Manaja ya gyaɗa kai, ya ce a kafa kwamiti. Wani ya tambaya ko ta gwada kashewa da kunnawa. Wani ya miƙo mata wayarsa ta ƙarƙashin tebur, wai hotunan bikin ƙanwarsa sun ɓace. Aka tashi a kan za a sake zama bayan azahar.

A zama na biyu kanta har sarawa yake, ga yunwa. Ta sake bayanin, amma an riga an shiga gardamar wa zai shugabanci kwamitin. Ta sunkuyar da kai don kada a ga idonta ya cicciko.

Sai shugabar sashen lissafi ta buga tebur. Dattijuwa ce da ake kira Anti Doka a bayan idonta, saboda ba a taɓa ganin haƙorinta ba.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan tun safe iska take roƙo, mu kuma ta bakinmu kawai muke ba ta."

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙe ta zare fulogin fankar ɗakin taron, ta rungumi fankar. "Mu je, 'yata. Nuna min inda zan ajiye."

Nan take kujeru suka fara ƙara. Kafin a jima baranda ta cika da mutane, kowa da fankar ofishinsa: mai tsaye, ta tebur, har wata mai karyayyen wuya da aka ɗaure da igiyar caja. Manaja da kansa ya cire kwat ya jawo tasa, gumi na bin ƙeyarsa.

"A ina kike son wannan, Injiniya?"

Ta jera su, ta bar ƙofa a buɗe, ta shiga tayar da na'urorin a hankali. Da jajayen fitilun suka fara komawa kore, wani ya yi ihu daga can ƙasa cewa imel ɗinsa ya tafi. Mai hotunan bikin ya dire mata kofin shayi da burodi, bai ko ta da zancen wayarsa ba.

Mai gyara ya iso da la'asar ya gama nasa aikin. Ita ta ce a bar mata mayar da fankokin. Ta bi ofis-ofis, ta tarar da mutanen da suka zauna cikin zafi saboda ita suna fifita da fayil, suna yi mata sannu da aiki. A ƙofar Anti Doka ta tsaya.

"Anti, Allah ya saka da alheri."

"Amin," in ji dattijuwar, tana haɗa jakarta. "Wace hanya kike bi? Zo in rage miki."