Ramin da Injiniya Ya Toshe

Injiniya ya yi shekara talatin da ɗaya yana gina gadoji, kuma ko ɗaya ba ta faɗi ba. Duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar ya san haka. Yanzu abin da ya rage masa na mulki shi ne ɗan filin da ke bayan kicin, da tsofaffin kaji huɗu da matarsa ta rasu ta bari.

Auta, 'yarsa, nas ce. Tun ranar da ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus shi kuwa yana gyangyaɗi a kujera, ta kafe sai ya koma wajenta: hawa na uku, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon wasu.

"Wa zai kula da kajin mamanki?" in ji shi.

"Baba, kajin nan rabonsu da ƙwai tun ina makaranta. Su ma 'yan fansho ne."

Washegari ya dawo gida da kwali mai huji-huji, 'yan tsaki goma sha biyu suna ciu-ciu a ciki. Auta ta leƙa kwalin, ta dubi ubanta.

"Shi ke nan. Zan dawo ƙarshen wata. In na same su da rai, na yarda kana iya riƙe kanka."

Abokiyar gabar a fili take: magen Tela, maƙwabcinsa, wata toka-toka mai yagaggen kunne da ke wuni a kan katanga kamar mai duba aiki.

"Tela! Ka ja wa 'yarka kunne!"

"Ranka ya daɗe, ai an riga ka, dubi kunnen," Tela ya amsa daga kan keken ɗinkinsa. "Ita fa ko ɓera ba ta kamawa. Kallo ne sana'arta."

Injiniya bai yi dariya ba. Ya zana taswira. Mako biyu 'yan tsakin suna kwali a kicin, shi yana waje da guduma. Ya sa wa tsohon akurkin kajin raga ninki biyu, ya binne gindinta taku ɗaya a ƙasa, ya rufe sama, ya sa sakata biyu. A kusurwar akurkin ya ga wani rami, faɗin dunƙulen hannu, da ya ɓulle cikin wani tsohon akwatin katako. Ya girgiza kai. Allah ya jiƙan marigayiya, mace ce ta gari, amma ba ta san aiki ba. Ya buga wa ramin katako da ƙusa shida.

Ranar Laraba da hantsi ya juye 'yan tsakin cikin akurki wajen tsofaffin kajin, ya ja sakata, ya tafi asibiti awon jini da zuciya wasai. Layi ya yi tsawo. Sai bayan la'asar ya dawo.

Magen tana kan katanga, inda ya bar ta. Raga lafiya lau, ko ƙusa ba ta motsa ba. A ciki kuwa, babbar kazar da marigayiya ke kira Darakta tana tsaye tana goge baki a ƙasa. 'Yan tsaki tara suna kwance, kawunansu a caccake. Yawancinsu a kusurwa ɗaya suka taru, jikin sabon katakon. Ukun da suka rage sun cusa kai ƙarƙashin kwanon ruwa. Biyu ba su kai Juma'a ba.

Da Auta ta zo, ya tare ta tun daga ƙofa.

"Magen Tela ce."

Auta ta wuce bayan kicin. Ta zagaya akurkin a hankali, tana taɓa raga da yatsa, kamar yadda take duba majinyacin da ya rantse ya sha maganinsa. Ta tsuguna a kusurwa.

"Ta ina ta shiga?"

"Mage ce. Suna da hanyoyinsu."

"Baba, wa ya toshe ramin Mama?"

"Ramin ai kuskure ne. Kyanwa na iya zura hannu."

"Nan 'yan tsaki ke gudu in manyan sun taso musu. Su suna shiga, kaza ba ta iya shiga. Sai sun yi wata guda suna kallon juna kafin Mama ta buɗe akwatin." Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Ni nake zuba musu dusa a ciki tun ina 'yar shekara bakwai. Kana gida fa lokacin."

Yana gida, gaskiya ne. Yana falo da jarida.

Ya so ya ce saura ɗaya, kuma ɗaya ma rai ne, yarjejeniyar ba ta faɗi adadi ba. Ya dubi ɗayan: ya takure a kwali, ido a rufe, fiffike a sake. Bai faɗa ba.

"Tela zai karɓi kajin," in ji Auta, muryarta a sanyaye, abin da ya fi faɗa ciwo. "Na riga na yi masa magana."

"Yaushe?"

"Tun ranar da ka sayo 'yan tsakin."

Ta shiga ciki. Yana tsaye riƙe da sakatar akurki ya ji tana jawo manyan akwatuna daga ƙarƙashin gado, tana tambaya daga ɗaki ko yana son a tafi da gudumar.