Ranar da Hisae Ta Manta Waƙa

Hisae na cikin tafi, irin tafin da babu zuciya a cikinsa, mai gyaran agogo ya miƙe wuya ya kai waƙarsa ƙarshe da ƙyar. Sumire, mai shagon karaoke, inda ake biya a rera waƙa a kan kiɗan na'ura, ta karɓi makirufo ta ce, "Sunan waƙarsa ya ƙare da 'mi'. Wa ke biye?" Kamar ba ita ta jera kujerun da hannunta ba.

Haka 'yan ƙungiyar layin kasuwa ke kashe ranarsu sau ɗaya a wata. Da rana tsaka suke rufe shaguna, tunda ko sun bar su a buɗe ba mai leƙowa, su taru a nan su yi wasan sarƙa. Dokar ba wuya: ka rera waƙar da sunanta ya fara da gaɓar da sunan waƙar na gabanka ya ƙare da ita. Wanda ya rasa, a ɗora masa hular roba mai sanƙo, ya shanye kofin shayin ganye mai ɗaci, a wuce da gaɓar ga na kusa da shi.

Wannan ce dokar da ake faɗa. Wadda ba a faɗa ita ce Shugaban ƙungiyar, Nagumo, waƙa ɗaya tak ya iya a duniya, kuma da "ka" ta fara. Waƙar wani matuƙin jirgin ruwa ce da ya bar uwarsa a gaɓar teku, ga shi Shugaba katifa yake sayarwa, ko kwale-kwale ya shiga sai ya yi amai. Muryarsa kuwa kamar ana jan tebur a kan siminti. Amma shi ke raba rumfuna a bikin bazara. Saboda haka manyan mutane masu jikoki suke zama suna lanƙwasa sarƙar nan, kowa yana gumi, don ta iso gabansa da "ka", shi kuma ya buɗe ido ya ce, "A'a! Yau ma?"

Nauyin yana kan wanda ya zauna dab da shi. In ya miƙa "ka" lafiya, rumfar ƙofar wurin bauta tasa ce, inda duk mai shiga biki sai ya gifta. Yau Hisae ce a wannan kujera, karo na farko. Shekara da shekaru tana gasa dango, 'yan curin garin shinkafa a tsinke, a rumfar da ke jikin banɗakin jama'a, inda mutane ke wucewa hannu a hanci. Bana in ba ta samu ƙofa ba, ta san shagonta ba zai ga ƙarshen sanyi a buɗe ba.

Ta raina su gaba ɗaya, kuma tana da dalili. Tana budurwa ta taɓa cin gasar waƙa a rediyon lardi, har yau in ta riƙe makirufo masu shan shayi sukan ajiye kofi. Abin da ya rage mata ke nan wanda babban kantin da aka buɗe a bayan tasha, mai janye musu masu saye, bai ƙwace ba. Duk da haka ta kwashe makonni tana bin gaɓa-gaɓa a gaban gawayi, ta tanadi waƙar da ta ƙare da "ka" ga duk abin da za a jefo mata. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, haka take gaya wa kanta.

Sarƙa ta zo kan Terauchi mai kifi, wanda ke zaune kafin ita. A da shi ne mai kujerar dab da Shugaba, shi ne mai ƙofa, har ranar da hamma ta kuɓuce masa a tsakiyar waƙar Shugaba. Ya tashi ya gyara wando, ya latsa na'ura. Da sunan waƙar ya fito a allo, sai Hisae ta sake karanta shi. Da "ka" ya ƙare.

Ba mai sakin "ka" kafin lokacinta. Shi ya sa ita kaɗai ce gaɓar da ba ta yi wa tanadi ba.

Terauchi ya gama kukansa na tsohon bunsuru, ya miƙo mata makirufo da hannu biyu har da sunkuyawa.

"Ga shi nan, tauraruwar rediyo. Na zaɓo miki mai sauƙi. 'Ka' ai ko a barci aka tashe ki."

"Sannu da ƙoƙari, Terauchi," in ji ta. "Ashe kifin naka ba ruɓa kaɗai ya iya ba."

Aka yi 'yar dariya, aka haɗiye ta da sauri. Shugaba yana kallon kofinsa.

Waƙoƙin "ka" suka cika mata kai, na iska, na kogi, na lema, na komawa gida, duk da gaɓar suke farawa a harshensu, sun fi a ƙirga. Ta bi su da sauri, ba ko ɗaya da ta fara da "ka" ta kuma ƙare da "ka". Duk wadda ta rera, za ta ajiye wa Shugaba gaɓar da bai da komai a cikinta, a ɗora masa hular sanƙo a gaban mutanensa. In kuwa ta taɓa tasa waƙar, gara ta tattara gawayinta ta bar gari. Terauchi ya lissafa duk wannan, ya kuma lissafa cewa Hisae ba za ta iya riƙe makirufo ta yi shiru ba.

Ta ajiye makirufon a kan tebur.

"Ban san ko ɗaya ba."

Sumire ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce ban san waƙar da ta fara da 'ka' ba. Kaina ya ɗauke."

"Haba, Hisae!" in ji tsohuwa Chiyo mai furanni, wadda ba ta taɓa gane abin da ake ciki ba tun da aka kafa ƙungiyar. "Ko 'yan nazare sun san 'ka'. Ki yi ta hankakan nan mana. Bari in fara miki."

"Ƙyale ta, Iya," in ji Terauchi, don ya gano inda aka nufa. "Ta sani. Ƙarya take yi. Shugaba, ranka ya daɗe, wannan ai maguɗi ne!"

Shugaba bai ɗago ba. Ya ce, "Tsufa ne, Terauchi. Yana zuwa wa kowa. Sumire, a bi doka."

Sumire ta kawo hular. Hular tana warin zufar duk wanda ya taɓa faɗuwa. Hisae ta ja ta a kan gashin da ta je aka gyara mata da safe, ta ɗaga kofin ta shanye, ɗacin ya sauka har ƙirjinta. Suka kwashe da dariya, dariyar gaske, ta farko a ranar. Mai gyaran agogo har da buga cinya. Shekaru suna jiran ranar da za su ga bayan muryar nan, yau sun samu a ɓagas.

"To, 'ka' ta wuce gaba," in ji Sumire. "Shugaba, kai ne."

"A'a! Yau ma?"

Ya tashi ya bar uwarsa a gaɓar teku, ya tsallake kiɗa, ya dawo ya taka shi. Hisae ta yi tafi a duk inda ake tafi, da sanƙonta na roba.

Da aka tashi, ana neman takalma a bakin ƙofa, Shugaba ya tsaya kusa da ita yana ɗaura igiyar nasa. Terauchi ya riga ya fice ko sallama babu.

"Ki tanadi gawayi da yawa," in ji shi. "Ƙofa akwai jama'a."

Ta sunkuya. "Na gode, ranka ya daɗe."

"Ina cikin zauren ranar da kika ci gasar nan, kin sani? Da waƙar 'ka' kika ci." Ya miƙe yana murmushi. "Tsarin yau ya fi min daɗi. A da sai in zauna gabana na faɗuwa ko wani zai yi kuskure. Na gaya wa Sumire, daga yanzu Terauchi ya riƙa kawo 'ka', ke kuma ki riƙa mantawa."

Hisae ta dube shi. Ta ga gashin da ya rina, ta ga miyar da ta ɗiga a kwalarsa. Duk layin nan babu wanda ta raina kamarsa, sai mutum ɗaya, ita kanta.

"Kowane wata, ranka ya daɗe?"

"Kowane wata."

Ta ƙara sunkuyawa, ƙasa da na farko.