Rawanin Aghali

Shekara ashirin da biyu Aghali ya yi a ramin haƙar ma'adini a Arlit, abin da ya fito da shi tari ne. Likita a Yamai ya ce ciwon dajin huhu ne. Da aka koma bayan wata shida, ya ce ciwon ya hau kai.

Tun daga nan gari ke waye masa da ciwon kai da amai. Hannun hagu ya daina jin magana. Wani lokaci sai bangon ɗaki ya buɗe, ya ga raƙuman mahaifinsa suna gangarowa rijiya, har ƙanshin jiƙaƙƙen yashi yake ji.

Ranar da za a zo neman auren 'yarsa Tekna, ya ɗauki rawani ya yi tsaye. Abin da yake naɗawa tun yana ɗan sha takwas, yau ya rasa ta ina ake farawa. A al'adarsu kuwa namiji ba ya zama gaban surukai da baki a buɗe.

Bazo taubashinsa ya leƙo.

"Tsohon banza, igiyar guga kake tufkawa?"

"Fita, ɓarawon awaki. Hannun ne ya tafi kiwo."

Bazo bai yi dariya ba. Ya tura ƙofa da ƙafa, ya naɗa masa, ya ja amawali har bisa hanci.

Baƙi suka zauna. Aghali ya gan su bibbiyu, kowa da kamarsa tana lilo a gefensa, muryoyinsu kamar daga ƙarƙashin ruwa. Kawun yaron da ke neman auren ya gama magana, ana jiran amsar Aghali. Sai hannun hagun ya soma karkarwa, ya tashi da kansa, ya kama amawalin yana ja ƙasa. Aghali na kallonsa kamar hannun wani.

Bazo ya cafke hannun, ya danne a cinyarsa.

"Rowa ce, jama'a. Tun muna yara, in za a karɓi abu wurinsa jikinsa ɓari yake."

Aka yi dariya. Aghali ya laluba sunan 'yarsa a cikin kansa, ya tarar da fili, sai iska. Ya jira. Can ya hango ta tana ƙarama, tana tafe bisa yashi sanye da takalmansa, tana tuntuɓe.

"Waccan mai tahowa," ya ce, "na ba ku ita."

Kawun yaron bai waiwaya ba. Ya ɗaga hannuwa aka shafa fatiha, fuskar Aghali a rufe.