Bangon Ɗakina Ne Shaida

Alhaji Gajere, kai ka kwantar mini da ɗa. Bakinka ne, ba furata ba.

Ni ce Zalika, uwar Maharazu wanda ke auna maka buhunan wake a mangazarka, ɗakin ajiyar nan naka na Magariya, shekara goma sha ɗaya. Ka zauna a bakin kasuwa ka ce wai tsohuwa ce ke ɗura masa fura da sukari, ga shi ciwon sukari zai ci ƙafarsa. To ga tsohuwar ta zo.

Tun da Madam Hinda ta likita, asibitin garinmu, ta ce yana da ciwon, ni ke riƙe da tukunyarsa. Tuwon dawa malmala ɗaya, miyar kuka, zogale. Ko rake bai ƙara shiga gidanmu ba. Amma kullum muka je awo sai ta dube ni ta ce, "Iya, faɗi gaskiya, me kike ba shi a ɓoye?"

Na ce, "'Yar nan, da na haife shi ba a haifi uwarki ba. Ni zan kashe shi?"

Ta yi dariya, ta ba mu wani ɗan akwati kamar na ashana. A soki yatsa, ɗigon jini bai kai ƙwayar gero ba, sai abin ya faɗi abin da ke cikin jikin mutum. Ikon Allah! Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, lambar ba ta mini magana. Sai na ce wa Maharazu, in ya dawo aiki ya gwada ya faɗa mini sama ko ƙasa. In ƙasa, in ja gajeren layi da gawayi a bangon ɗakina. In sama, in ja dogo.

Wata biyu bango ya zama gonar gero, kara dogo dogo. Tuwo ɗaya, magani ɗaya. Na rasa ta inda sukarin ke shiga.

Sai Allah ya sa ka faɗi da moto a hanyar Bande, ka kwanta kwana ashirin. Lokacin kaka ne, kamiyo na bin kamiyo, manyan motoci na ta sauke wake, buhun da Maharazu ya ɗora a ma'auni ya ninka na da. Yana dawowa ko magana ba ya iya yi don gajiya. Na ce shi ke nan, bana zan rasa shi.

Ranar farko, gajeren layi. Na ce akwatin ya lalace. Ta biyu, gajere. Ta bakwai, gajere. Alhaji, na tsaya gaban bangon nan da gawayi a hannu. Na ce, "Maharazu, me ya canza?"

Ya ce, "Iya, ba komai. In azahar ta yi ina zama in ci tuwona. Ba mai kirana ɓarawo a gaban 'yan dako."

Ashe zagi ma yana shiga jini! Shekara saba'in ina duniya ban san haka ba. Na kama hannun Madam Hinda na kawo ta har ɗakina. Ta dubi bangon layi bayan layi, sannan ta ce, "Iya, ki gafarce ni." Ta ce fargaba kan sa jiki ya zubo da sukari da kansa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi ɗan Adam.

Ka warke, ka dawo da sandarka da tsawarka. Ka hana shi zama, ka hana shi cin abinci kan lokaci, ka hana shi zuwa wankin gyambon da ƙusa ta ji masa a ƙafa. Layi ya koma dogo tun ranar. Yau yana kwance a asibitin Damagaram, likitoci na shawarar ko za su bar masa babban yatsan ƙafa.

Ban shafe bangon ba, na hana a yi masa yaɓe. Na gaya wa mai unguwa da liman, jibi bayan la'asar za su zo. Ka zo da ƙafarka, tunda kai taka biyu suna nan. Ka tsaya gaban gajerun layukan nan ashirin, ka faɗa wa jama'a wace fura ce na daina damawa a kwanakin da kake kwance.