Ranar da Maigidana Ya Ba Su Baya

'Yan sanda suka kira taro a zauren makarantar unguwarmu, wai suna son jin abin da ya fi damun naƙasassu. Maigidana kafinta ne, kuma kurma, ni ce bakinsa. Tun a gida ya ja min kunne da maganar hannu: abin da na faɗa, shi za ki faɗa.

Shugabar makafi ta koka da masu babur da ke bi ta gefen titi. Wani mai gyaran waya, daga kan kekensa na guragu, ya yi ƙorafin masu toshe ƙofar asibiti da mota. Babban jami'in sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Aka zo kanmu. Maigida ya miƙe, hannuwansa na zuba bayani. Watan jiya an daka masa tsawa ta baya a shingen bincike, bai ji ba, aka bi shi da kulki har haƙarƙarinsa ya tsage. Kofur ɗin da ya yi dukan kuwa ga shi tsaye bayan jami'in, rataye da bindiga, ya kafa min ido. Ta shingen nan maigida ke wucewa kullum. Tsoro ya kama ni.

"Ranka ya daɗe, ya ce... a ƙara fitilu a hanya."

Maigida ya dubi leɓena, ya dubi jami'in da ke murmushi. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, nan take ya gano ni. Ya taka har gaban tebur, ya ɗauki hular jami'in, ya juya ya nufi ƙofa a hankali.

"Malam, dawo!" in ji jami'in.

"Kai! Tsaya!" kofur ya daka tsawa. "Na ce tsaya!"

Sai ji muka yi ƙaras, an ɗana bindiga.

"Ƙarar mene ne wannan?" in ji shugabar makafi. 

Ban san lokacin da na faɗa tsakaninsu ba. "Ba ya ji! Wallahi ba ya ji!"

Jami'in ya danne bakin bindigar ƙasa. Ya dubi kofur ɗinsa, ya dube ni. "Baiwar Allah, ba maganar fitilu ya yi ba, ko?"

Maigida ya isa ƙofa, ya juyo hankali kwance, hula a hannu. Ya tambaye ni da yatsunsa: sun kira ni?